Bokiti uku a hawa na huɗu

Matakala saba'in da biyu ce daga ƙofar titi zuwa ƙofar ɗakinmu. Tun ranar farko na ƙirga su, domin ni na haura da akwatuna, ina hutawa a kowane hawa. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda tsakiyar kowace matakala ya lotsa, kamar an kwarfe dutsen da cokali. Sawun mutane ne ya cinye shi, shekara kusan ɗari biyu ana hawa ana sauka. A lokacin ban ga wani abin sha'awa a ciki ba. Aikin jinya ya kawo ni Edinbara, babban birnin Sikotlan, kuma abin da nake nema kawai shi ne wuri mai ɗumi, kusa da babban masallacin da ke Potterrow, inda zan sauke maiɗakina da 'yarmu idan takardunsu sun fito.

Ɗumin ne ban samu ba. Tagogin gidan na katako ne, masu tsawon mutum, irin waɗanda ake turawa sama a ja ƙasa. Da Disamba ta shigo, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sai iska ta riƙa shigowa ta gefensu har labule na motsi. Na kira dillalin da ya ba mu haya, na roƙe shi a sa mana tagogin roba masu gilashi ruɓi biyu, irin na sababbin gidaje. Ya ce ko mai gidan ya so ba zai iya ba, domin ginin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina biyan haya, ina biyan kuɗin hita da ke cinye albashi, a ce katako ya fi lafiyar iyalina?

Daga baya na fahimci tsarin. Hukumar Historic Environment Scotland ce ke sa gini a rajista, a aji A ko B ko C, gwargwadon darajarsa. Majalisar birni kuma ita ke ba da izinin taɓa shi. Taga, ƙofa, rufi, bututun hayaƙi, duk abin da zai sauya kamannin ginin sai an nemi yardarta a rubuce. Tun 1995 UNESCO ta sa Tsohon Gari da Sabon Gari na Edinbara cikin wuraren tarihi na duniya, kuma mafi yawan gine-ginen da ke cikinsu suna cikin wannan rajista. Sabon Garin ma da ake faɗa, tun 1767 aka amince da taswirar da James Craig ya zana masa.

Wata biyu da isowar iyalina rufi ya fara yoyo. Da farko tabo ne a silin, launin ruwan shayi. Sai ɗiga. Wani dare aka kwana ana ruwa da iska, na dawo daga aiki da asuba na tarar da maiɗakina zaune a ƙasa, ta jera bokiti uku, ta ja katifar yarinyar zuwa falo. Ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo.

Washegari aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijuwar da ke ƙasa da mu ce, wadda wata biyar muna haɗuwa a matakala ba mu wuce gaisuwa ba. Ruwan ya ratsa har ɗakinta. Na ɗauka faɗa ta zo yi, na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga mini hannu ta ce, "Ɗana, ai rufin nan ba naka ba ne kai kaɗai, namu ne duka. Samo littafi ka riƙa rubuta ranar da ya zuba, ka ɗauki hoto." Tun daga ranar nake kiranta Mama, ita ma ta karɓi sunan.

Ita ta zaunar da ni ta warware mini. A ƙarƙashin dokar gidajen bene ta Sikotlan ta 2004, in dai takardun mallaka ba su faɗi wani abu dabam ba, gyaran rufi yana kan duk masu gidajen da ke cikin ginin, har wanda ke hawan ƙasa da ɗigo bai taɓa sauka a kansa ba. Kowane gida ƙuri'a ɗaya, kuma rinjaye ya isa a yanke shawara. Gida takwas ne a benenmu. Bakwai sun yarda tun shekarun baya. Na takwas yana wata ƙasa, yana karɓar kuɗin haya, ba ya amsa wasiƙa. Shi kaɗai ya tsayar da aikin, don babu ɗan kwangilar da zai kafa ƙarafan hawa bai ga kuɗi sun cika ba.

A nan ne na ga amfanin majalisar birni da idona. Tana da sashe na musamman mai taimaka wa maƙwabta kan gyaran da ya haɗa su: yadda za a sa masani ya duba ginin, yadda za a kaɗa ƙuri'a, yadda za a buɗe asusun gyara. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan rinjaye ya amince, kowa ya zuba nasa, wani ya noƙe, ana iya neman majalisa ta biya kason nasa, daga baya ta bi shi bashi. Wannan kaɗai ya buɗe ƙofar da ta yi shekaru a rufe.

A kicin ɗin Mama aka yi taron. Ni ɗan haya ne, ba ni da ƙuri'a, don haka na tsaya daga bakin ƙofa. Ta jawo kujera ta ce, "Zauna, ɗana, kai ne ruwan ke dukanka." Na buɗe littafin, na nuna hotunan, kwanan wata bi da bi. A daren na san sunan kowa a benen, su ma suka koyi faɗin nawa daidai.

Aikin ya ɗauki bazara guda. Akwai wani dattijon magini da nakan kai wa shayi idan na tashi daga barcin rana. Wata rana ya kira ni ta taga, ya nuna mini gindin bututun hayaƙi, ya sa babban yatsa ya murza dutsen, sai ya zube kamar gari. Ya ce wani ne ya liƙe shi da siminti shekarun baya. Dutsen yashi yana shan ruwa yana fitarwa. Siminti kuwa sai ya kulle ruwan a ciki, sanyi ya daskarar da shi, dutsen ya ruɓe ta ciki. Shi ya sa su da kwaɓin farar ƙasa suke aiki, yadda aka gina shi tun asali. Fale-falen baƙin dutsen da ke rufin ma ɗaya bayan ɗaya ya sauke su, yana ƙwanƙwasa kowanne da guduma. Mai ƙara garau ya ajiye, mai dusasshiyar murya ya jefar. Ya ce mahaƙar Ballachulish, inda aka fi samo irinsu, tun 1955 aka rufe ta, saboda haka duk mai rai a cikinsu dukiya ne.

Wani ɓangare na kuɗin aikin dutsen ya fito daga tallafin Edinburgh World Heritage, gidauniyar da aka kafa a 1999 kuma majalisar birni na cikin masu ɗaukar nauyinta. Mama ta ce tana budurwa gidajen Sabon Gari da yawa sun yi baƙi ƙirin, suna zubewa, sai bayan wani babban taro a 1970 aka tashi haiƙan wajen ceto su, titi bayan titi.

Duk da haka akwai abin da har yau ke ci mini tuwo a ƙwarya. Daga ɗigon farko zuwa ranar da aka sauke ƙarafa, fiye da shekara ce, kuma yarinya ƙarama ce ta kwana cikin wannan danshin tana tari. Masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton bangon daga titi, amma tsadar ɗumama shi tana kan ɗan haya, wanda sau da yawa baƙo ne irina da bai san inda zai kai kuka ba. Ina goyon bayan a kare ginin da zuciya ɗaya. Ina kuma ganin duk hukumar da ta hana a canja taga, wajibi ne ta matsa wa masu gidaje su toshe iskar da ke shiga ta cikinta, tunda akwai hanyoyin da doka ta yarda da su.

Maginin nan ne ma ya nuna mini ɗaya. A gefen kowace taga akwai wani katako da na ɗauka ado ne. Ashe marufi ne da ake naɗewa cikin bango, fenti ne ya liƙe shi shekara da shekaru. Da izinin mai gidan ya bi gefensa da wuƙa, ya ja, sai ga shi ya buɗe da ƙara, ƙura na tashi. Yanzu da magariba 'yata ce ke rufe su, tana ɗage don ta kai ga sakata.

A benenmu akwai wani ɗan kati da ake ratayawa a ƙofa, mai nuna wanda sharar matakala ta faɗo kansa a wannan mako. Da can tsallake ƙofarmu yake yi. Ranar Asabar da ta wuce na same shi rataye a hannun ƙofa, na ɗebi ruwa a ɗaya daga cikin bokitan nan, na fara daga sama.