Abin da Prius ta koya mini a cunkoson Legas

Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya fara cinye ribar jigilar da nake yi tsakanin Agege da Obalende. Sai na sayar da tsohuwar motata na ɗauko Toyota Prius tokumbo, ƙirar 2008. 'Yan'uwa suka yi ta tsorata ni, wai ranar da batirinta ya mutu sai dai masu gwangwan.

Ba a jona ta da wutar gida. Injin fetur gare ta da injin lantarki, kwamfutar motar ke raba musu aiki. A kan gadar Third Mainland na gane amfaninta: idan cunkoso ya tsaya cak, injin fetur kan mutu da kansa, in aka matsa ta silala da lantarki. Da ka sassauta ƙafa ko ka taka birki a hankali, injin lantarkin sai ya koma janareta, ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir. Shi ya sa takalmin birkinta ke daɗewa. A buɗaɗɗiyar hanya kamar ta Ibadan rangwamen man bai kai haka ba. Motar cikin gari ce.

Babban batirin yana bayan kujerar baya. Ƙananan batura 28 ne aka jera, kowanne bolt 7.2, jimla bolt 201.6, irin na nikel. Babu abin da ke kashe shi kamar zafi. Wata rana fitilar gargaɗi mai siffar jan alwatika ta kama a gabana, motar ta yi nauyi, injin fetur ya ƙi hutawa. Bakaniken da na kai wa, kafin ya taɓa komai, sai da ya sa safar hannu ta roba ya zare wani toshe ruwan lemo a jikin batirin. Ya ce, "Alhaji, duk wayar da ka gani mai wannan kalar, kada yaro ya kusance ta, tana kisa." Ya kwance fankar da ke sanyaya batirin. Ƙurar hunturu da gashi da zaren buhu sun dunƙule a kan fukafukanta, da kyar take juyawa. Iskar cikin mota take zuƙa ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya, wadda fasinja kan toshe da jaka bai sani ba.

Ɗaya daga cikin ƙananan baturan ya riga ya raunana. Mun samo wani a kasuwar Ladipo, amma sai da aka gwada ƙarfinsa ya yi daidai da sauran, domin mai rauni ɗaya yana janyo duka jerin ƙasa. Wannan faci ne kawai, don haka nake tara kuɗin cikakken batir tun yanzu.

Yau ina kunna sanyin mota ko da ni kaɗai ne, saboda batirin ma da shi yake sha. Ba na barin ta ajiye tsawon makonni, kuma da damina in ruwa ya cika titi a Lekki, juyawa nake yi. Mota mai lantarki zalla tana burge ni ƙwarai, amma a gidan hayar da wuta ke zuwa ta tafi, ba ni da inda zan kwana ina cajinta.