Yadda ciwon ƙoda yake taɓa ƙwaƙwalwar yaro

Zaman jinyar ɗan yayata ya nuna mini cewa ciwon ƙoda yana iya fitowa ta hanyar jijjiga. Yaron ya yi fama da ƙuraje masu ruwa a ƙafafu, bayan 'yan makonni fuskarsa ta riƙa kumbura da safe, fitsarinsa ya ragu ya koma launin shayi, sannan ciwon kai da dishi-dishin gani suka biyo baya, har ya faɗi yana jijjiga. A gida an ce iska ce, aka kawo hayaƙi.

Likita ta bayyana mana cewa ƙwayar cutar ƙurajen ce ta tunzura garkuwar jiki ta lalata matatar ƙoda, ruwa da gishiri suka taru, jini ya hau har ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ta ce idan ƙoda ta gaza sosai, dattin da ke taruwa a jini yana kawo magagi, ruɗewa ko suma, wani lokaci sai an yi wankin ƙoda.

Abin da ya fi damuna shi ne ba kasafai ake auna hawan jinin yara ba, kuma awon yana buƙatar ƙaramin madaurin hannu daidai damtsen yaro.