2004 ɗin da ba shekarar 2004 ba

Talata, bayan isha'i.

Ko sharar shago ban gama ba wani dattijo ya shigo da laftof cikin leda, ransa a ɓace. Jikansa ne ya sayo masa don rubuta lissafin masallacin unguwarsu, sai wani ya buɗe shafin bayanan kwamfutar ya nuna masa 2004 kusa da Windows 10. Nan take ya yanke cewa an cuci yaro, an sayar masa da kayan da ya haura shekara 20.

Na ce, "Baba, zauna tukuna, ba a cuce ku ba." Na nuna masa cewa 2004 ɗin lambar sabuntawar Windows 10 ce: 20 ɗin shekarar 2020 ce, 04 kuma wata na huɗu, duk da sai a watan Mayu aka fitar da ita. Ita kanta Windows 10 sai 2015 ta fito. Ya yi shiru, can ya ce, "To ɗan nan, me ya hana su rubuta hakan?" Wallahi tambayarsa na kan hanya. Masu Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, su ma da shekara da wata suke lissafi, amma suna sa ɗigo, 20.04, ba mai ɗaukarsa shekara guda.

Abin da ya fi damuna daban ne. An daina aiko wa 2004 gyaran tsaro tun Disambar 2021. Na ɗaga masa zuwa 22H2, wanda shi ne na ƙarshe a Windows 10, shi ma tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Mutum zai kalli lambar nan ya gane kwamfutarsa tana cikin kariya ko ba ta ciki? Ina! Ga shi Windows 11 ma tana da nata 22H2, suna ɗaya, abu biyu. Ka leƙa cikinta kuma ka tarar tana kiran kanta 10.0. Windows 7 ma 6.1 ce a ciki, 9 kuwa ba a taɓa yin ta ba, daga 8.1 aka tsallaka zuwa 10.

Da yamma ƙanwata ta kira, wai manhajar iPhone ɗinta, iOS, ta tashi daga 18 zuwa 26, ko ta rasa guda bakwai ne. Na ce mata ba ta rasa komai ba, Apple ne ya koma lissafi da shekara, kuma shekarar gaba yake sawa: 26 a Satumbar 2025 ya fito.

Kafin mu rufe na zaunar da yaron shagona. Daga gobe duk kwamfutar da aka kawo, kafin ya taɓa komai ya buga winver, umarnin da ke nuna lambar Windows ɗin da ke ciki, ya rubuta lambar a takarda tare da ranar da tallafinta ke ƙarewa, ya manna a ƙarƙashinta, sannan ya karanta wa mai ita da Hausa.