Kwamfutar wasa mai sanyaya da ruwa: yadda na haɗa ta don zafin Kano

Kafin in sayi ko noti ɗaya, na rataya ma'aunin zafi a ɗakin da kwamfutar za ta zauna. Ruwa ba ƙanƙara ba ne. Aikinsa ya kwaso zafi daga furosesa da katin hoto ya kai lagireto, fanka ta hura shi cikin iskar ɗaki. Ke nan ruwan ba zai taɓa fin ɗakin sanyi ba. Yawancin masu nuna wannan aiki a intanet a ɗaki mai digiri 21 ko 22 suke gwaji. A nan kuwa, tsakanin Maris da Mayu waje kan taɓa digiri 40, ɗaki marar AC kuma ya kai 35 cikin sauƙi. Idan ruwa ya ɗara iskar ɗaki da digiri 10, na wancan yana 32, nawa yana 45. Daga wannan lissafin duk sauran shawarwarina suka fito.

Furosesar Ryzen 7 7800X3D ce, wadda aka rubuta mata wat 120 amma a wasa ba ta cika shan hakan ba. Katin hoton RTX 4080 Super ne, mai wat 320. Na ɗauki jimillar a wat 400. Ƙa'idar da aka saba ji ita ce gurbin fanka ɗaya na milimita 120 ga kowane wat 100, wato lagireto mai milimita 480 ya wadatar. Wannan lissafin na mai ɗaki mai sanyi ne. Na sa lagireto biyu masu milimita 360, kauri 30, ɗaya a sama ɗaya a gefe, a akwatin Lian Li O11 Dynamic EVO. Ko da na uku na ƙara, ba zan kira shi ɓarna ba.

Sauran kayan: famfo D5 haɗe da tankinsa, bulok na furosesa (ƙarfen da ake ɗora mata, ruwa na ratsa cikinsa yana kwashe zafi), bulok na katin hoto, fanka shida, mesa mita uku, mahaɗai goma (biyu ga kowane abu biyar da ruwa ke ratsawa), masu lanƙwasa na digiri 90 guda huɗu, mahaɗi mai baki uku, bawul na zubar da ruwa, da ɗan ma'aunin zafin ruwa da ake ɗaurawa kamar murfi. Dukansu zarensu G1/4 ne, saboda haka kayan kamfanoni dabam-dabam suna shiga juna. Abin da ba ya yafiya shi ne girman mesa: mahaɗin 10/16 sai mesar 10/16, wato milimita 10 a ciki, 16 a waje. Ka sa ta 10/13, zoben ba zai kama ta ba.

Bututu mai tauri ya fi kyau a ido, ba musu. Na bar shi da gangan. Na robar PETG yakan fara laushi idan ruwa ya yi zafi sosai, bakinsa ya motse a cikin mahaɗi, yoyo ya biyo baya. Wanda ruwansa ke digiri 45 zuwa 50 bai da ratar da zai yi wasa da ita. Akirilik ya fi jure zafi, amma yana tsagewa wajen yanka, kuma kowace lanƙwasa sai da bindigar zafi. Mesar PVC mai haske ita ma da nata: zafi yana fitar da sinadarin da ke sa ta laushi, ya taru fari-fari a cikin bulok. Baƙar mesar EPDM na ɗauka. Ba ta da ado, amma ba ruwanta da duk wannan.

Sai ƙarfe. Jan ƙarfe, tagulla da nikel suna zama lafiya a ruwa ɗaya. Alminiyam ne baƙon da ba a gayyata: idan ya haɗu da jan ƙarfe a ruwa guda, shi ke cinyewa a hankali, dattinsa ya toshe siraran hanyoyin bulok. Lagireto mai araha sau da yawa na alminiyam ne, kuma baƙin fenti ba ya nuna abin da ke ƙasa. A karanta bayanin kayan, kada a dogara da hoto.

Sabon lagireto ba tsabtatacce ba ne. Na cika kowanne rabi da tataccen ruwa mai ɗumi, na toshe bakunan, na girgiza minti biyu, na juye a farin kwano. Zubin farko ya fito da baƙaƙen ɓarɓashi kamar garin barkono, ragowar dalma daga masana'anta. Sai a karo na huɗu ruwan ya fito tas.

Ɗora bulok a katin hoto ne wurin da hannu ke rawa. Bulok ɗin na takamaiman kati ake yinsa, ba na sunan RTX 4080 Super kawai ba, domin kowane kamfani da tsarin allonsa. A nan na yi kuskuren farko. Faifan roba masu ɗaukar zafi da ake ɗorawa kan ƙwayoyin memori suna da kauri dabam-dabam, na kuma sa na milimita 1.5 inda takardar ta ce 1. Rabin milimita ɗin ya ɗaga bulok, bai zauna daram a kan ƙwayar katin ba. Da na sake buɗewa, man ɗaukar zafi da na shafa tsakanin ƙwayar da bulok ya baje a gefe ɗaya, ɗaya gefen yana nan dunƙule yadda na ɗiga shi. Tun daga lokacin nakan ɗaura, in kwance, in duba sawun man, sannan in ɗaura na gaske, ina juya notocin kaɗan-kaɗan a gicciye.

Notocin lagireto ma iri biyu ne: dogaye na ratsa fanka, gajeru na kama jikin akwati. Dogo a gurbin gajere zai iya huda hanyar ruwa.

Mutane suna yawan gardama kan wa ruwa zai fara ratsawa, furosesa ko kati. Ruwa gram ɗaya yana buƙatar jul 4.18 kafin ya ƙaru da digiri ɗaya. Idan lita 200 ke wucewa a awa, wat 400 bai kai ya ɗaga shi digiri biyu ba a zagaye guda. Don haka na bi hanya mafi gajarta: tanki, famfo, kati, furosesa, lagireton sama, na gefe, a dawo tanki. Doka ɗaya ce tak, tanki ya zauna sama da famfo yana ba shi ruwa kai tsaye, domin ruwan ne man da famfon ke juyawa a kai. Ya yi gudu a bushe, ya lalace. Bawul ɗin zubarwa kuma a wuri mafi ƙasa, da murfi a bakinsa.

Da iska na fara gwajin yoyo, ba da ruwa ba. Na hura iska har matsinta ya kai bar 0.4 da ƙaramin famfon gwaji na jira minti 15. Allurar ma'aunin matsin ta sauka. Na bi mahaɗai goma ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ashe bulok ɗin kati baki huɗu gare shi, biyu ake amfani da su, murfin ɗaya daga cikin ragowar kuma zoben robarsa ya karkace. Da ruwa ne, a kan katin zai ɗiga. Mahaɗai da hannu ake ɗaure su. Zoben roba ne ke tsare ruwa, filaya fasa bulok kawai za ta yi.

Wajen cikawa na zare wuta daga babban allo da kati, na bar famfo kaɗai. Akan tada akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta ta hanyar haɗa fil na 16 na filogin mai fil 24, wanda a da koriyar waya ce, da baƙar waya ta kusa; akwai ɗan filogi na musamman da ke yin wannan, shi ya fi aminci yanzu da galibin wayoyin baƙaƙe ne. A cika tanki, a kunna, a kashe kafin ya ƙafe, a ƙara. Ya sha lita ɗaya da ɗan ɗori. Na shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane mahaɗi na bar shi ya kwana yana zagayawa. Iska takan maƙale a lagireton sama, ana jin ta tana ƙulu-ƙulu. Karkata akwatin gaba da baya da sauya gudun famfo ke fitar da ita, ragowar kumfa kuma ta ɗauki kwana biyu.

Ruwan da aka riga aka haɗa da maganin tsatsa da na gansakuka na zuba, mai haske, ba mai kauri irin madara ba, don wannan yakan kwanta ya toshe bulok. Ruwan leda da na rijiyar burtsatse suna da gishirin ƙasa. Ruwan batir na bakin titi kuwa wani akwai asid a ciki.

Katin hoto ne ya fi cin riba, ya sauka sosai, ƙararsa ta ɓace. Furosesar ba ta sauka haka ba, domin a wannan samfurin an ɗora ƙarin ma'ajiya a kan ƙwayoyin aikin, murfinta kuma da kauri, zafin bai fita da sauri ko da me aka ɗora mata. Iyakarta digiri 89 ce, tana nesa da nan. Fankokin kuma na ɗaure gudunsu da zafin ruwa, ba na furosesa ba, wanda ke tsalle kowane daƙiƙa. Suna tafiya a hankali har ruwa ya kai 40, su buɗe wuta gaba ɗaya a 48, tunda iyakar D5 digiri 60 ce. Wayar da ke nuna gudun famfo na soka a gurbin CPU_FAN, wato na fankar furosesa a babban allo, don kwamfutar ta yi kuka idan ya tsaya.

Hunturu ya zo da nasa. Ɗaki ya yi sanyi, amma zafin ruwa ya riƙa hawa mako bayan mako. Da na haska tocila a lagireton gefe, wanda ke shaƙo iska daga waje, ƙura ta yi masa bargo ruwan ƙasa. Yanzu ragar tace ƙura duk mako nake wanke ta a lokacin hazo, lagireto kuma in hure shi da bulowa duk wata, ina riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Ruwan kansa sau ɗaya a shekara nake sauya shi, a ƙarshen Fabrairu, kafin bazara ta shigo.