Hilux ta hannu ba ta zuwa da tarihinta

Sana'ata sayen wake, gero da aya a kasuwannin ƙauye in kawo cikin Maradi, kuma na daɗe ina biyan kuɗin haya kafin Allah ya hore mini abin sayen motar kaina. Bayan sallar layya na sayi Toyota Hilux ta hannu, ƙirar 2008, mai shan gazuwal, injin 2KD mai lita 2.5, da giyar taimako, wadda ke sa tayoyi huɗu su ja, saboda rairayin hanyoyinmu. Irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome ce, kuma ta zauna a hannun mutum fiye da ɗaya kafin ta iso gare ni. Takardunta na bi su dalla-dalla, ta duwan da kart giriz, wato takardar rajistar mota, har na durƙusa na gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke rubuce. Duk sun yi daidai. Abin da ba shi da takarda shi ne yadda aka riƙe ta: yaushe aka yi mata juye, wane mai ta sha, wa ya taɓa buɗe injinta. Dillali ya ce lafiya lau take, mai kawai zan zuba. Shi ma iyakar saninsa ke nan.

Saboda haka ko buhu ɗaya ban ɗora mata ba sai da na kai ta wurin wani dattijon makanike, abokin mahaifina da nake kira Baba, wanda ya tsufa a kan injin gazuwal. Ya hau da ita kan rami, ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin shasi yana ƙwanƙwasawa, musamman wajen maƙalar sifirin na baya. Ya ce motar da ta yi zama a Turai ta sha gishirin da suke zuba wa titi lokacin ƙanƙara, kuma tsatsa daga ciki take cin ƙarfe. Tawa ta yi ƙara mai kyau. Amma da ya leƙa ciki ya ga robar wurin taka kuloci ta cinye har ƙarfe ya bayyana, sitiyari ya yi sumul, sai ya ce kada in dogara da kilomitan da agogo ke nunawa.

Nan maganar bel ɗin tayimin ta taso, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin. A wannan injin ana canza shi duk kilomita 150,000, kuma akwai fitila mai rubutun T-BELT da ke tuna wa direba.

Na ce, "Baba, ai fitilar ba ta kama ba."

Ya ce, "Ɗana, fitilar nan da yatsa ake kashe ta. Bel ɗin in ya tsinke kana tafiya, fistin zai bugi bawul, sai ka sayi rabin inji."

Aka canza shi tare da abin da ke ɗaure shi. Aka zubar da duk wani mai da ke jikin motar: na inji aka zuba 15W-40, na giya, na aksul gaba da baya, na birki, da filtoci duka. Man aksul ɗin baya ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, alamar an taɓa ratsa ruwa da ita ya shiga ciki aka bar shi. Kuɗi sun fita a makon nan, sun kuma yi mini nauyi bayan na sayen mota, amma a ganina duk mai shirin sayen ta hannu ya ware wannan kuɗin tun kafin ya taya. Na sayi ƙaramin littafi na ajiye a aljihun mota, duk abin da aka taɓa ina rubuta ranarsa da kilomita.

Matsalar da ta fi tayar mini da hankali a lokacin kaka ta zo. Ina dawowa daga wajen Dakoro da lodin wake, sai na ji ina taka totur mota ba ta amsawa. Fitilar inji ta kama, gudu ya ragu ƙwarai. In na tsaya na kashe ta na sake tayarwa sai ta ɗan saki jiki, in an yi gaba kaɗan ta koma gidan jiya. A wani gareji na bakin hanya wani matashi ya saurari injin ya ce injektoci huɗu, masu fesa mai cikin inji, ne suka mutu, wataƙila har da famfon mai. Ba na zarginsa da cuta, alamun sun yi kama. Sai dai kuɗin da ya ambata ya kusa cinye ribar kakar gaba ɗaya, kuma bai kwance ko noti ɗaya ba kafin ya yanke hukunci.

Na kira Baba a waya. Tambayarsa ta farko, ina na sha mai, ta biyu kuma, tanki ya yi ƙasa ko a'a. Ya yi ƙasa, kuma tun safe ake girgiza shi a kan hanyar laterit, wato ta jar ƙasa. Ya ce in nemi gorar ruwa wadda ake ganin cikinta, in kwance ɗan murfin da ke ƙarƙashin filtar gazuwal, in riƙa danna famfon hannu da ke samanta. Abin da ya zuba a gorar ya rabu gida biyu ina kallo: gazuwal a sama, ruwa a ƙasa, da baƙin laka yana kwanciya a gindi. Filtar nan sabuwa ce, mu muka sa ta. Dattin shekaru ne da ke kwance a tanki ya taso ya toshe ta. Kuma fitilar da ya kamata ta gargaɗe ni cewa ruwa ya taru ba ta kama ba, don wani can baya ya zare wayarta ya bar ta tana lilo.

Da muka iso gari aka sa mata na'urar kwamfuta, ta nuna ƙarancin matsin mai ne. Aka sauke tanki aka wanke, aka busa tiyo, aka sa wata filta, aka mayar da wayar. Injektocin nan su ne a jikinta har yau.

Wannan injin ba irin tsofaffin Hilux ba ne masu haɗiye duk abin da aka zuba musu. Matsin da yake fesa mai da shi ya haura bar 1,000, kuma gazuwal ɗin da kansa ne ke hana famfo da injekta gogewa, don haka ruwa ko ƙura kaɗan na iya jawo babbar ɓarna. Masu sayar da mai a jarka neman halaliyarsu suke, amma man da ya kwana a duro yana shan iska da ƙura ba na irin wannan motar ba ne. Ni dai ina cika tanki a gidan mai kafin in bar gari, kuma filta guda tana bayan kujera kullum.

Hunturu bai ba ni wahala ba, ban da filtar iska da nake cirewa in kakkaɓe duk bayan tafiyar ƙauye, da juye da nake yi duk kilomita 5,000 saboda ƙura. A rairayi ina rage iskar taya in sa taimako, da na hau kwalta in cire, don barin ta a kan kwalta yana wahalar da giya da aksul.

Da bazara ta kama, zafi ya wuce digiri 40, allurar zafi ta fara hawa in akwai lodi. Shawarar da kowa ya ba ni ita ce a cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwan inji hanya zuwa lagireto in ya yi zafi. Da aka buɗe sai aka tarar an riga an cire shi tuntuni, kuma bai hana komai ba. Baba ya kashe inji yana da zafi, ya tura fanka da hannu, ta yi ta juyawa ba wani riƙo. Kulocin fankar ya mutu. Lagireto kuma cikinsa ya cika da farin gurɓi na ruwan rijiya, wajensa ƙaiƙayi da ƴaƴan ciyawa sun toshe. Aka wanke shi, aka canza kulocin da murfin lagireto, aka mayar da tamostat, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske. Ina roƙon duk wanda allurarsa ta hau ya tsaya ya jira, kada ya buɗe murfin nan da zafi, na san mutumin da tururi ya saɓule wa hannu.

Saura maganar lodi, inda nake shan surutu wurin abokan sana'a. Hilux abin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, wato buhu goma na kilo 100, amma a ranar kasuwa za ka ga an ɗora kusan ninki, ga mutane a sama. Ni a goma nake tsayawa, in ya fi haka in yi sawu biyu. Duk da haka ganye ɗaya na sifirin ɗin baya ya nuna tsagewa, tsohon ciwo ne da ta zo da shi. Mai walda ya ce zai ɗinke shi da araha, Baba ya ce ƙarfen sifirin ba ya riƙe walda. Na ba da saƙon wani daga Kano, kuma kafin wake ya fara shigowa kasuwa za a ɗaura shi in Allah ya yarda.