Fitilun Kirsimeti a tsakar gidanmu

Yau na dawo daga kasuwar Kejetia a nan Kumasi na tarar da Maame, maƙwabciyarmu a Aboabo, ta fito da tsohon kwalin kayan Kirsimeti, itacen roba da fitilu da balan-balan, ita kaɗai take ta fama, ƴaƴanta suna Ingila bana ma ba za su zo ba. Kafin in ajiye jaka autana ya hau benci yana ɗaura mata fitilun a ƙofa, ta riƙe ƙafarsa gam tana cewa a hankali jikana. Wallahi sai da idona ya cika.

Mu ba ma Kirsimeti, amma duk 25 ga Disamba sakwararta da miyar kaza har ɗakinmu. Gobe yaran duka zan turo su taya ta ƙarasa.