Godiya ga waɗanda suka yi mana inuwa a Gwagwalada

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ranar Asabar ɗin da ta wuce muka koma gidanmu bayan an kammala gyara, ni da maiɗakina da yaranmu biyu. Tun daren da gobara ta cinye mana ɗakuna a farkon watan Fabrairu ban samu sukunin gode wa kowa yadda ya dace ba, sai dai "na gode" a tsaitsaye. Yau hankalina ya kwanta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mutane da yawa sun tambaye ni ko da gaske ne a mota muka zauna. Da gaske ne, wata uku da 'yan kwanaki. Kawuna yana da wata tsohuwar bas ƙirar Coaster da ya cire wa kujeru tun lokacin da yake yawon haƙar rijiyar burtsatse ƙauye-ƙauye. An kafa gado a bayanta, akwai ɗan kabad da tankin ruwa. Washegarin gobarar, ban ma roƙe shi ba, ya sa aka kawo ta aka ajiye a filin da ke jikin gidan, don in riƙa sa ido a kan aikin magina, yara kuma kada su bar makarantarsu. Kawu, kai ka fara rufa mana asiri. Allah ya rufa naka duniya da lahira.

Ni haifaffen Jos ne, inda ko a bazara mutum kan ja mayafi da asuba. Na yi shekaru a Gwagwalada, na ɗauka na san zafinta, ashe zafin ɗakin bulo na sani. Jikin mota ƙarfe ne. Kafin ƙarfe goma na safe ya ɗauki rana, da azahar ba ka iya ɗora tafin hannu a rufin daga ciki, kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Ruwan tanki kan yi zafi har sai an bar shi a bokiti ya sha iska kafin a yi wa yara wanka. Ana cikin haka azumi ya kama ranar 1 ga Maris, 2025, daidai lokacin da zafin garin nan ke kai maƙura.

Wanda ya fara sassauta mana wannan wahala wani dattijo ne mai gadin gidan da ke kallon namu. Kwana biyu yana kallonmu, a na uku ya zo ya ce, "Ɗana, motar nan ba za ta zaunu haka ba. Rana ba a faɗa da ita, tare ta ake yi." Ya sa muka tura ta ƙarƙashin wani mangwaro, muka juya gefenta mai ƙofa ya bar kallon yamma. Sannan shi da wani mai walda na bakin titi suka kafa dirkoki, suka yi rumfar zana a samanta, suka bar kamar kamu biyu tsakanin zanar da rufin don iska ta riƙa ratsawa. Daga ranar cikin motar ya zama wurin da mutum zai iya kishingiɗa da rana. Mai waldar nan ya ƙi karɓar ko sisi. Baba mai gadi kuma shi ya koya wa maiɗakina jiƙa buhun algarara ta rataya a taga, iskar da ke shigowa ta biyo ta cikinsa da ɗan sanyi.

Sai maƙwabciyarmu, wata baiwar Allah Bagwariya da yarana ke kira Mama. Ba addininmu ɗaya ba, ba ta azumi, amma ita ta fi kowa kula da buɗa-bakinmu. Wata safiya na hango ta tafe da randa a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ta ce daga wajen danginta na Kwali aka kawo mata, garin Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20. Da hannunta ta tara yashi a gindin mangwaron, ta jiƙa shi, ta dasa randar a ciki. Ruwan da muka sha a azumin nan ke nan, kwana 29, mai sanyi da ƙanshin ƙasa. Duk ranar da aka kawo wuta kuma, sai ta daskarar mana da ƙanƙara a firjinta, ta aiko 'yarta da ita gab da magariba. Ban san da wane baki zan gode miki ba, Mama. Na sha shiga motar nan in zauna ni kaɗai hawaye na zuba saboda abin da kike mana.

Ranar da ta fi kowace tayar mana da hankali ita ce ta goma sha biyu ga azumi. Ƙaramin ɗanmu ya kwana da gudawa da zazzaɓi, jikinsa duk ƙurajen zafi, idanunsa sun faɗa. Lokacin sanƙarau ne, mu kuma huɗu muke kwana a matse, don haka zuciyata can ta tafi. Wata ma'aikaciyar jinya da ke layinmu ta fito da tsakar dare, ta duba wuyansa, ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta zauna tana ba shi kaɗan-kaɗan har asuba, sannan ta raka mu asibiti. Aka tabbatar ba sanƙarau ba ne, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ita ce ta ce mu daina rufe yara a ciki da dare. Daga nan muka koma shimfiɗa tabarma a gindin mota, mu ɗaura gidan sauro daga madubi zuwa reshen mangwaro. Anti, yaron da kika raya ga shi nan yana guje-guje a tsakar gida.

Ina gode wa Malam Liman da jama'ar masallacinmu, waɗanda suka buɗe mana banɗakin masallaci dare da rana, suka kuma haɗa mana gudummawar kwanon rufi. Ina gode wa abokin aikina da ya ba mu aron faifan sola da batir, wanda ya riƙe mana fanka ɗaya da cajin waya. Mai ruwan unguwarmu kullum mu yake fara kawo wa kurarsa kafin rana ta ɗaga, sau da yawa bashi. Mai shayin bakin layi ya sha aiko mana ruwan zafi lokacin sahur, don kada mu kunna gas a cikin mota. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Ke kuma uwar 'ya'yana, kin yi girki a waje cikin ƙura da rana, kin yi sallar idi ranar 30 ga Maris da kayan aro, kin tare ruwan farko na Afrilu da robobi lokacin da ya riƙa zuba ta gefen taga, ban taɓa jin kin ce kin gaji ba. Allah ya ba ni ikon saka miki.

Jiya na wanke motar, na mayar wa Kawu makullinsa. Zanar da dirkokin suna nan a ajiye ga duk mai buƙata. Akwai kuma wata fitila mai caji da wata shuɗiyar kula da aka ajiye mana a daren gobarar, cikin ruɗani ba mu gane mai su ba. Don Allah mai su ya yi mini magana, ina so in kawo masa har gida da ƙafata.